Na'urar auna zurfin ruwa mai GPS: taswirar da ke cikin kwalinta ba ta san Gulbin Rima ba

Duk matashin da ya tsaya kan bidiyon kamun kifi a YouTube ko TikTok sau biyu ko uku ya san abin da ke biyo baya, tallace-tallace ne za su yi masa caa. Ga wani Ba'amurke zaune cikin farin jirgi, gabansa allo mai kaloli, layuka sun zana masa ƙasan tafki kamar an kwashe ruwan an ajiye gefe. A ƙasan hoton an rubuta cewa na'urar tana zuwa da taswirar dubban tafkuna a cikinta. Ga wanda ke shirin sayen irin wannan na'ura don ya ɗora wa jirginsa a Dukku ta Birnin Kebbi ko a gulbin Argungu, wannan jimlar ta ƙarshe ita ce tarkon. Tafkunan da ake nufi na Amurka ne da Kanada. Katunan taswira irin su Navionics da C-MAP da ake sayarwa da sunan Afirka kuwa, hankalinsu yana bakin teku, wajen jiragen Legas da Fatakwal. Wanda ya ƙara kuɗi saboda taswira, ranar da ya kunna na'urar a Rima zai ga alamar jirginsa tana yawo a kan fili, babu lambar zurfi ko ɗaya a gefenta.

Saboda haka tambayar da ake yawan yi, wato wace na'ura ce ta fi yawan taswira, ba tambayar mutumin Kebbi ba ce. Tasa tambayar ita ce wace na'ura ce ke iya zana taswirar da kanta yayin da jirgi ke tafiya, kuma bayan ta zana, za ta bar mai ita ya fitar da abin da ta zana ko kuwa za ta riƙe a cikinta. Girman allo da yawan kaloli duk suna bayan wannan.

Sai an faɗi gaskiyar irin jirgin da ake magana a kai. Jirgin shaƙatawa a wannan yanki ba wancan fari mai kujerun fata ba ne. Kwale-kwalen katako ne, ko na faiba idan aljihu ya yi nauyi, an ɗaura masa ƙaramin inji a baya. Abokai ne ke haɗa kuɗi su fita da yamma, wani da fatsarsa, wani kuma hoto da bidiyo kawai suka kawo shi. Yawancinsu ba 'ya'yan masunta ba ne, ba su tashi da sandar tuƙi a hannu ba, wasu ko iyo ba su iya ba. Su ne na'urar za ta fi yi wa amfani, su ne kuma za ta fi saurin ruɗa.

Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Akwai wani ɗan curi da ake nutsawa cikin ruwa, sunansa tiransdusa, shi ne bakin na'urar kuma shi ne kunnenta. Yana harba sautin da kunnen mutum ba ya ji zuwa ƙasa, ya jira amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, don haka a zurfin mita 3, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, abin zai ɗauki kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. Gudun sauti sau lokaci, a raba biyu, an samu zurfi. Wanda ya fara koyon rubuta manhaja makon jiya ma zai rubuta wannan lissafin a layi ɗaya. Inda kamfanoni ke cin kuɗinsu shi ne wajen tace hayaniya, su bambance ƙasa ta gaskiya da ciyawa da kumfa da garken ƙananan kifi. Abin daɗin shi ne jan ruwan damina bai dame ta ba. Ido ba ya ganin tafin hannu a cikinsa, amma sauti yana ratsa shi lafiya lau.

A nan ne lambobin da ke jikin kwali ke fara yaudara. Garmin Striker 4, ɗaya daga cikin ƙananan da aka fi sani, an rubuta tana iya kaiwa ƙafa 1,600 a ruwan daɗi, wato kusan mita 490. Tafkin Kainji kansa, mafi girman ruwan da ya taɓa Jihar Kebbi, bai kai mita 100 ba a wurin da ya fi zurfi, balle Rima da rani, inda a wasu wurare shanu ke tsallakawa da ƙafa. Biyan kuɗi saboda ƙarfin kaiwa zurfi asara ce. Lambar da ta shafi mutumin Argungu ita ce ta ɗaya gefen: mene ne mafi ƙarancin zurfin da na'urar ke iya karantawa ba tare da ta rikice ba? Na'urori da yawa idan ruwa ya gaza mita ɗaya sai lambar ta fara ƙyaftawa, ko ta nuna ninkin zurfin saboda sautin ya buga ƙasa ya buga saman ruwa ya sake komawa. Daidai wurin da farfelar inji ke cikin hatsari, nan ne na'ura mai rauni ke yin shiru.

Haka batun mitar sauti. Kilohaz 50 na masu teku ne. Na gulbi shi ne kilohaz 200 ko abin da ya yi kusa da shi, sai 455 da 800 ga masu son hoton ƙasa mai kama da na kyamara. Kalmar CHIRP da ke jikin kusan kowane kwali yanzu tana nufin na'urar tana share mitoci da yawa a harbi ɗaya maimakon guda ɗaya, kuma tana taimakawa wajen raba abubuwan da ke kusa da juna, amma ta zama ruwan dare, ba abin ƙara wa kuɗi ba ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne faɗin abin da na'urar ke gani. Sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, tsukakke a sama, yana buɗewa a ƙasa. Idan buɗewarsa digiri 20 ce, faɗin da'irar da yake haskawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin. A ruwa mai mita 2, santimita 70 ke nan, bai fi faɗin babban faranti ba. Kututturen da ke taku biyu daga gefen jirgi, na'urar ba ta san da zamansa ba.

Gulbin da ba ya zama wuri ɗaya

Ko da a ce wani kamfani ya turo ma'aikatansa sun auna Rima daga Argungu zuwa Birnin Kebbi sun buga kati, katin ba zai yi shekara biyu yana faɗin gaskiya ba. Tafkunan da ake yi wa irin waɗancan taswirori yawanci ƙasansu a zaune yake. Rima kuwa, wanda mutanen yankin ke kira Gulbin Kabi, yana ratsa fadama ce mai faɗi, a kan yashi da laka, yana rarrabuwa yana sake haɗuwa. Kowace ambaliya tana kwashe tudun yashi daga nan ta jibge shi can. Wanda ya ga abin da ruwan 2020 ya yi wa gonakin shinkafar Kebbi, ko ya tuna na 2010, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ƙarfin wannan ruwa.

Sannan tsayin ruwan ba damina kaɗai ke juya shi ba. A sama akwai madatsar Goronyo a kan Rima cikin Jihar Sakkwato, da ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin Jihar Zamfara. Abin da aka saki ko aka riƙe a can yana bayyana a Argungu da Birnin Kebbi bayan 'yan kwanaki, ko da sama ba ta zubar da ɗigo ɗaya ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mai taswirar zurfi, domin na'urar tana auna zurfi ne daga saman ruwan ranar da aka yi awon. A ce an zana wani wuri a watan Oktoba aka samu mita 2.5. Zuwa Maris ruwa ya ja da mita ɗaya da rabi. Wurin yanzu mita 1 ne, amma taswirar tana nan tana nuna 2.5 da cikakken ƙarfin hali. Idan kuma aka ci gaba da zana sabuwa a kan tsohuwa ba tare da gyara ba, sai a samu cakuɗaɗɗiyar taswira, rabinta ta kaka rabinta ta bazara, wadda ta fi rashin taswira hatsari, tunda mai ita ya yarda da ita.

Maganin yana cikin saitin na'urorin kirki, wurin shigar da bambancin tsayin ruwa. Mai jirgi zai zaɓi abu guda da ba ya motsi, kamar ginshiƙin gada ko wani dakalin siminti a gaɓa, ya riƙa auna tazarar da ke tsakanin wata sananniyar alama a jikinsa da saman ruwa duk ranar da zai fita, ya shigar da bambancin kafin ya fara. Aikin minti biyu ne da tef ɗin tela. Na'urar da ba ta da wurin wannan gyara ba ta dace da Rima ba, komai kyan allonta.

To wacce?

Manyan kamfanoni uku kowanne yana da manhajar zana taswira kai tsaye. Ta Garmin sunanta Quickdraw Contours, ta Lowrance Genesis Live, ta Humminbird kuma AutoChart Live. Aikinsu ɗaya: haɗa lambar zurfi da lambar GPS sau da yawa a kowace daƙiƙa, a ja layuka tsakanin wuraren da zurfinsu ya zo daidai. Ta Garmin tana ja layi a kowace ƙafa ɗaya, santimita 30 ke nan, kuma ma'ajiyarta tana ɗaukar eka miliyan 2, fiye da murabba'in kilomita 8,000, abin da mai kwale-kwale ba zai cika ba har ya tsufa. Tana ma da wata da'ira a kan allo mai sauya launi: kore idan awon yana kyau kuma gudun bai kai kilomita 16 a awa ba, ɗorawa idan gudun ya ƙaru, ja idan ya wuce 32 ko sigina ta lalace. Wato zana taswira aikin tafiyar hawainiya ne.

Sai a yi hattara da sunaye, domin a nan ake kwana ciki. Striker 4 ta asali tana da GPS, amma alamar wuri kawai take ajiyewa da layin hanyar da aka bi, ba ta zana zurfi. Masu zanawa su ne Striker Plus da Striker Vivid. A ɓangaren Lowrance, samfuran HOOK Reveal masu harafin x a sunansu ba sa karɓar katin taswira. A shagunan intanet duk waɗannan ana rubuta musu cewa suna da GPS, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai ba GPS ɗin da mai saye ke zato ba. Akwai kuma samfuran da aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai, waɗanda ke ƙin nuna mita sai ƙafa, ko su taƙaita wasu ayyukansu idan an fita da su daga yankin. Mai sayen ta hannu ya tabbata tiransdusa da wayoyinsa suna cikin kwalin, domin sau da yawa allon kaɗai ake sayarwa, kuma neman wanda ya dace da shi daga baya yana iya cin rabin kuɗin sabuwa.

Ga batun da masu talla ba sa taɓawa. Ƙananan Striker masu inci 4 da 5 ba su da ramin katin memori, ba su kuma da Wi-Fi. Ma'ana, mutum zai yi wata uku yana kai da kawowa, yana ƙona fetur a farashin yau, ya zana hanyar ruwa tun daga Dukku har inda ƙarfinsa ya kai, amma taswirar tana kulle a cikin ɗan akwatin. Ranar da ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya ziyarce ta, ko allon ya mutu, aikin ya tafi gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa rasa waya ba tare da ajiyar lambobinsa a wani wuri ba ya san wannan ɗacin. Na'ura kaya ce da ake sake saye, bayanan da ta tara kuwa sai an sake zubar da gumi. Don haka ramin kati ko Wi-Fi ya fi ƙarin inci biyu na allo daraja. HOOK Reveal marar x da Humminbird HELIX da Garmin ECHOMAP suna da ramin kati, manyan Striker Vivid masu inci 7 da 9 kuma suna haɗuwa da waya ta manhajar ActiveCaptain. Kafin a biya, a tabbata ana iya fitar da alamomin wuri a fayil na GPX, wanda kusan kowace manhajar taswira ke buɗewa.

Masu son kwance abu su ga cikinsa suna da wata ƙofa. Na'urori da yawa suna fitar da zurfi da lambar GPS ta waya biyu a tsarin NMEA 0183, rubutu ne zalla mai waƙafi a tsakani, layi bayan layi. Da ɗan guntun ESP32 da katin memori ana iya kwashe shi a ajiye, daga baya a zuba a QGIS, manhajar taswira ta kyauta. Sai dai a duba takardar samfurin a ga ko yana fitarwa kafin a sayi kayan haɗi.

Ɗaya hanyar ita ce wadda za ta fi jan hankalin masu karanta wannan shafi, wato a bar waya ta zama allon. Deeper, wani kamfani na ƙasar Lituweniya, yana yin na'ura mai kamar ƙwallon tanis wadda ake jefawa da igiyar fatsa ko a ɗaure ta gefen jirgi. Tana ƙirƙirar Wi-Fi nata na kanta, ba ta cin data, kuma samfuranta masu alamar + suna da GPS a ciki. Garmin ma tana da irinta, Striker Cast GPS, mai amfani da Bluetooth. Fa'idarsu a fili take: ba sai da batir na daban ba, ana sa su a aljihu, ana iya auna wuri daga gaɓa ba tare da an shiga ruwa ba, kuma sababbin Deeper suna karanta ruwa marar zurfi sosai. Bayanan suna cikin waya, ana iya sauke su a kwamfuta.

Amma rana tana da nata hukuncin. A Afrilu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40. Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne don ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma sauran wayoyi ba su yi nisa da haka ba. Wayar da ke kunne da GPS da Wi-Fi da cikakken hasken allo, a tsakiyar gulbi babu inuwa, za ta fara dusashe allonta da kanta, daga nan ta nemi a bar ta ta huce. Na'urar jirgi an gina ta don rana, kuma mafi yawansu suna da shaidar IPX7, wato suna jure nutsewa a ruwan mita 1 na minti 30. Uwa uba, wayar ita ce abin da za a kira taimako da shi idan inji ya mutu bayan magariba. Ƙarar da cajinta wajen kallon ƙasan ruwa ba dabara ba ce. Ƙwallon waya ta dace da mai haya jirgi jefi-jefi, da sassafe ko da la'asar, musamman idan yana da tsohuwar waya ta biyu da zai sadaukar. Mai jirgin kansa da ke fita kowane mako, ya sayi mai allonta.

Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba, tunda ƙananan ma suna tsakanin dala 100 da 250 kafin kuɗin jigila da na kwastan, kuma kowa ya san inda naira ta tsaya tun 2023, yana da mafita mai mutunci. Ƙananan na'urorin Sin marasa GPS suna ba da lambar zurfi daidai gwargwado. A haɗa da manhajar OsmAnd, wadda ke aiki ba intanet, a riƙa sa alama ana rubuta zurfi da kwanan wata a jikin kowace alama. Babu layuka masu kala, amma alamomi 40 da aka sa da hankali a wuraren hatsari sun wadatar da mai yawon yamma. GPS dai kyauta ne, daga taurarin ɗan'adam yake saukowa, ba ya neman layin waya ko data.

Abin da ba za ta yi ba

Na'urar ƙasa take kallo, ba gaba ba. Tiransdusa yawanci a bayan jirgi yake. Idan tsawon kwale-kwale mita 8 ne, lambar da ke kan allo labarin wurin da goshin jirgin ya riga ya wuce ne da mita 8. A gudun kilomita 20 a awa jirgi yana cin mita 5 da rabi a kowace daƙiƙa. Ƙararrawar da ke kaɗawa idan ruwa ya yi ƙaranci tana da amfani a inda ƙasa ke tasowa sannu a hankali, amma ga kututture ko jirgin da ya nutse, sai an ji karo kafin a ji ƙara. Akwai masu kallon gaba irin su LiveScope, sai dai kuɗinsu ya haura dala 1,000, ya fi na kwale-kwalen da za a ɗora su a kai.

GPS ɗin ma yana da nasa kuskuren. A fili, na waya yana iya kaucewa da kusan mita 5, na ƙananan na'urori kuma bai fi shi da nisa ba. Tsarin WAAS da ake tallatawa a kwali don rage kuskuren na Arewacin Amurka ne. A hanyar ruwan da faɗinta da rani bai wuce 'yan mitoci ba, kuskuren mita 5 shi ne bambancin tsakiyar hanya da kan yashi. Alamar hatsari a kan allo tana nufin a rage gudu a buɗe ido a wannan kewaye, ba a goga ta gefenta ba.

Jihar Kebbi ta san kuɗin sakaci a kan ruwa. Can kudancin jihar, a kan Kogin Neja, ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse ɗauke da mutane sama da 150, kaɗan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima. A wannan yanki na Kainji akwai kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin a 1968. Babu na'urar auna zurfin da za ta hana jirgin da aka cika fiye da ƙarfinsa nutsewa. Idan kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne, tsakanin na'ura da rigunan ruwa na adadin masu shiga jirgin, riguna ne farko, kuma wannan ba abin muhawara ba ne.

Sai batun kifi, wanda shi ne ainihin abin da ke sa yawancin samari sha'awar na'urar. Hoton ɗan kifi mai kyau da ke fitowa a allo hasashen manhaja ne. Duk abin da ya mayar da sauti tsakanin sama da ƙasa tana iya ba shi siffar kifi, ko leda ce, ko ciyawa, ko kumfa. Tarwaɗar da ta lafe a laka kuwa sau da yawa ba ta fitowa sam. Gara a kashe wannan hoton a koyi karanta ɗanyen zanen. Inda na'urar ke da gaskiya shi ne wajen nuna ramuka da gangaren ƙasa, wuraren da manyan kifi irin giwan ruwa ke fakewa. Kuma a nan ne maganar ta daina zama ta fasaha kaɗai.

A Argungu ruwa yana da masu shi. Bikin kamun kifin da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne da abu ɗaya: an hana su a Matan Fada sai ranar biki. Sarkin Ruwa da Homa suna kula da wannan. Kifi mai kilo 78 da ya ci gasar 2020 ya kai wannan girman ne saboda an ƙyale shi. Shiga wannan yanki da na'ura ba tare da izininsu ba rashin kunya ne, ko da mutum bai jefa ƙugiya ba. A wajen Matan Fada ma, manhajojin nan suna da dandalin raba taswira, inda abin da mutum ya ɗora kowa a duniya zai iya saukewa. Ramin da wani gidan masunta ya gada sani tun kakanni, yake ci da iyalinsa daga gare shi, danna maɓalli ɗaya ya isa ya mayar da shi na kowa. A duba saitin rabawa tun ranar farko, a san abin da ke fita. Wuraren hatsari, kamar kututture da tudun yashi da matattarar igiyar ruwa, waɗannan a raba su ga duk mai jirgi, har a tura wa masu fito ta WhatsApp. Ramukan kifi kuwa ba na mai na'ura ba ne da zai yi kyauta da su.

Hasali ma fita ta farko bai kamata a yi ta ba sai da tsohon matuƙi a cikin jirgin, a biya shi ladansa. Abin da zai nuna da baki cikin awa biyu, nan akwai rami, can ruwa yana juyawa, wancan wurin bara hanya ce bana ta toshe, na'ura za ta yi wata guda ba ta gano shi ba. Aikin mai allo shi ne ya riƙa danna alama yana rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran kowane gurbi da shi.

Wajen ɗaurawa, katako yana shanye sauti, don haka dabarar manna tiransdusa a cikin jirgi da ake gani a bidiyo ta masu jirgin faiba ce. A kwale-kwale dole ya taɓa ruwa. Mai walda zai iya yin ɗan ƙarfe mai maƙalewa a gefe ko a baya, kuma a roƙe shi ya sa masa gaɓa mai lanƙwasawa yadda idan ya bugi yashi zai ɗaga sama maimakon ya karye. A nisanta shi da kumfar farfela, a raba wayarsa da wayoyin inji. A auna tazarar da ke tsakaninsa da mafi ƙasan abin da ke jikin jirgin, wanda yawanci ƙafar inji ce, a shigar a saiti, don lambar allo ta zama ruwan da ya rage a ƙarƙashin farfela. Wuta kuwa batir mai bolt 12 irin na UPS ya isa. Mai 7Ah, idan na'urar tana jan rabin amfiya, zai ba da kusan awa 7 kafin ya kai rabi, inda ya kamata a tsaya don kada ya mutu da wuri. A sa masa fiyus, a ajiye shi cikin roba mai murfi.

Kafin a yarda da lamba ko ɗaya, a sami doguwar sanda a yi mata zane a kowane santimita 50, a gwada a wurare uku ko huɗu, a kan yashi da kan laka da cikin ciyawa, a ga inda allo da sanda suka saɓa. Kowace taswira a sa mata sunan wuri da wata da shekara. Idan ruwan damina ya janye wajen Nuwamba, a kwafe ta bara a ajiye a kwamfuta, a share ta daga na'urar, a buɗe sabuwa.